Bitamin D mai ƙarfin 50,000 ya kwantar da mahaifiyata a asibiti

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, jinya nake yi. Mama ce ba lafiya, kwananmu shida a asibiti, sai jiya aka sallame mu. Na ce bari in faɗa muku abin da ya faru, don na san a cikinmu akwai masu shan abin da ya kwantar da ita.

Wajen wata biyar da suka wuce take ta kukan ciwon ƙugu da gwiwa. Aka ɗebi jininta, aka ce bitamin D ɗinta ya yi ƙasa sosai. Likita ya rubuta mata mai ƙarfin IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin), ƙwaya ɗaya a sati har sati takwas, daga nan ta koma a sake duba ta. Ni na karɓo maganin, na zuba mata shi cikin ɗan kwandon da take ajiye magungunanta a gefen gado. Na ce mata sau ɗaya a sati, amma da baki kawai na faɗa, ban rubuta a jikin kwalbar ba. Ita kuma ta ga sauran duk kullum da safe take shan su, sai ta haɗa da shi. Da ya ƙare ta aika aka ƙaro wani. Ga kuma ƙwayar kalsiyam da ta daɗe tana sha. Wata huɗu cur a haka, ba wanda ya lura.

Ƙishirwa ce ta fara. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi nake ajiye mata da dare, kafin gari ya waye ta shanye, har ta ƙwanƙwasa mini ƙofa in ƙaro. Fitsari sau biyar sau shida a dare ɗaya. Sai tashin zuciya, sai ta yi kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba, zobenta ya fara zamewa daga yatsa saboda rama. Duk muka ce suga ne, aka auna, lafiya lau. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara tara. A asibiti aka ce kalsiyam ɗin jininta ya haura 13, bitamin D ya wuce 150, wato duka biyun sun wuce kima, ƙodarta kuma ta fara gazawa. Har yanzu in na tuna ni ce ban rubuta a kwalbar nan ba, sai in kasa barci.

Maman Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Rukayya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Wallahi ban taɓa sanin bitamin yana yin haka ba. Ni na ɗauka in ya yi yawa fita yake yi ta fitsari.

Baba Ado:
Sannu 'yata. Kada ki ɗora wa kanki laifi, ke kika lura, ke kika kai ta. Allah ya sa kaffara ne.

Dakta Hadiza:
Rukayya sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya mai ɗorewa. Wannan kuskuren na shan na sati a kullum shi ne wanda muka fi gani, ba ke kaɗai ba ce. Ki yi lissafi: abin da aka so ta sha gaba ɗaya 400,000 ne a sati takwas. Abin da ta sha a wata huɗu ya kai wajen miliyan 6.

Maman Khalil, abin da kika faɗa ya fi dacewa da irin su bitamin C, masu narkewa a ruwa. Bitamin D a kitse yake narkewa, don haka jiki ajiye shi yake yi. Aikinsa shi ne ya sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. In ya yi yawa, hanji ya tsotsa fiye da kima, har ƙashi ma ya riƙa sakin nasa cikin jini. To wannan kalsiyam ɗin shi ne mai ɓarnar. Yana hana ƙoda riƙe ruwa, shi ya sa fitsari da ƙishirwa. Yana sa hanji ya yi sanyi, shi ya sa bayan gida ya tsaya. Yana rikita ƙwaƙwalwa, yana iya rikita bugun zuciya, in ya daɗe kuma ya taru a ƙoda ya zama tsakuwa ko ya daskare a cikin namanta. Kuma ko an daina sha yau, na ajiye a kitse yana ci gaba da fitowa sati da sati, wani lokaci har watanni.

Yaya Auwal:
Allah ya ba Mama lafiya. Amma Dakta, a yi adalci. Kada labari ɗaya ya sa mutane su tsorata da abin da yake da amfani. 50,000 kullum kowa ya san ganganci ne. Ni shekara biyu ke nan ina shan 10,000 kullum, ina haɗawa da bitamin K2, kuma ban taɓa jin ƙarfin jikina kamar yanzu ba. Mutum in ya zauna a rana ma ai an ce fatarsa tana iya samar da 10,000 ko fiye. Me ya sa na rana bai kashe kowa ba? Ni a ganina wannan 600 a rana da ake cewa ya ishi mutum tsohon lissafi ne.

Dakta Hadiza:
Yaya Auwal, akwai inda kake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Gubar bitamin D ba abu ne da ake gani kullum ba, kuma mutane da yawa za su sha 10,000 na ɗan lokaci ba abin da zai same su. Ni kaina ina rubuta mai ƙarfi ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci, don ƙarancin ma cuta ne, yana lanƙwasa ƙafafun yara, yana tausasa ƙashin manya.

Amma maganar rana ba ɗaya ba ce da ƙwaya. Fata tana da birki. In ta samar da abin da ya isa, hasken ranar da kansa yake lalata ragowar tun bai shiga jini ba. Ƙwaya ba ta da wannan birkin, duk abin da ka haɗiya hanji ne zai karɓa.

Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka, a rahotonta na 2011, ta sa 600 a rana ga mai shekara 1 zuwa 70, 800 ga wanda ya haura 70. Iyakar da ta ce babba kada ya wuce shi kaɗai ba tare da kulawar likita ba ita ce 4,000. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ita ma nan ta tsaya. Kai kana ninki biyu da rabi na wannan iyakar, shekara biyu. Tambayata ɗaya ce: yaushe rabonka da gwajin jini?

Yaya Auwal:
Gaskiya ban taɓa yi ba. Amma ai jiki magayi. In da akwai matsala da na ji.

Rukayya:
Yaya, Mama ma wata biyun farko cewa take yi ta samu lafiya. Har yaba maganin take yi wa masu zuwa gaishe ta.

Dakta Hadiza:
Ka ji. Ƙoda ba ta kuka da wuri, sai ta yi nisa mutum bai sani ba. A 2019 likitoci a Kanada suka wallafa labarin wani mutum ɗan shekara 54 da ya riƙa shan tsakanin 8,000 da 12,000 kullum har shekara biyu da rabi. Gwajin jini ne ya tona ƙodarsa ta taɓu, kuma ko bayan an yi masa magani ba ta dawo yadda take ba. Kusan adadinka ke nan, kusan tsawon lokacinka.

Sannan ko mun ajiye maganar guba gefe, ina ribar? A birnin Kalgari na Kanada an raba mutum 311 gida uku, wasu 400, wasu 4,000, wasu 10,000 kullum, aka bi su shekara uku. Sakamakon ya fito a 2019. An sa ran ƙashin masu shan mai yawa zai fi ƙarfi, sai aka tarar kaurin ƙashin hannunsu ya fi raguwa, kuma na masu 10,000 ya fi na kowa raguwa. Kafin nan, a Ostireliya, an ba mata tsofaffi 500,000 sau ɗaya a shekara, cikin binciken da ya ƙunshi mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama. Da aka fitar da sakamako a 2010, waɗanda suka sha sun fi waɗanda ba su sha ba faɗuwa da kashi 15 cikin ɗari, karaya kuma da kashi 26 cikin ɗari. Abin da aka bayar don a hana karaya shi ya ƙara ta.

K2 kuma, a daina jingina da shi. Bai hana hanji tsotsar kalsiyam, bai kuma saukar da shi in ya hau a jini. Ina jin takaicin yadda ake tallar su tare kamar wanda ya haɗa ya samu lasisin shan ko nawa ne.

Nasiru:
Dakta to ni fa lokacin korona na fara, don an ce yana kare mutum daga cututtuka, har da kansa da ciwon zuciya. Shi ma ba haka ba ne?

Dakta Hadiza:
Nasiru, an ga cewa masu ƙarancin bitamin D sun fi yawan rashin lafiya, sai aka ɗauka ƙarancin ne sanadi. Amma mara lafiya ba ya fita rana, ba ya cin abinci sosai, sau da yawa yana da ƙiba, duk waɗannan suna saukar da bitamin D. Da aka zo gwadawa a aikace sai labari ya canza. Babban binciken da ake kira VITAL a Amurka ya ɗauki mutum 25,871, rabi suna shan 2,000 kullum wajen shekara biyar. Bai rage kamuwa da kansa ba, bai rage ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, kuma a 2022 aka nuna bai rage karaya ba. Ka lura, yawancinsu da ma ba su da ƙaranci. Wanda ba shi da shi in aka ba shi zai amfana. Wanda yake da isasshe, ƙari ba ya ƙara masa komai.

Bashir mai harhaɗa magunguna:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don mu muke miƙa kwalbar. Rikicin farko a kan lambobi yake. Wani kwalin IU ake rubutawa, wani maikirogiram. Maikirogiram 1 daidai yake da IU 40. Wato 25 shi ne 1,000, 100 shi ne 4,000, 1,250 kuma shi ne 50,000. Na taɓa ganin wanda ya ɗauki mai 1,250 ya ce wannan ƙarami ne, bai kai na 2,000 da yake sha ba.

Na biyu, mutum ba ya haɗa lissafi. Yana shan bitamin mai haɗe-haɗe akwai D a ciki, yana shan na ƙashi mai kalsiyam akwai D a ciki, ga man hantar kifi akwai D a ciki, sannan ga D ɗin shi kansa. Kowane a ƙaramin rubutu a bayan kwali. Ku juye su duka a tebur ku tara.

Kuma Rukayya, kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Duk wanda ya miƙa mai 50,000 bai rubuta SAU ƊAYA A SATI da manyan baƙi a jiki ba, ya rage aikinsa. Wanda ya ƙaro mata na biyu da na uku bai tambayi har yaushe aka ce ta sha ba, shi ma haka.

Maman Khalil:
Malam Bashir ka tsorata ni. Khalil watansa huɗu, ina ɗiga masa na jarirai. In daina?

Bashir mai harhaɗa magunguna:
A'a Maman Khalil, kada ki daina in likita ne ya sa ki. Jariri mai shan nono 400 a rana ake ba shi, kuma yana buƙata. Abin dubawa shi ne kwalbar. Wata an yi ta ne ɗigo ɗaya tak shi ne 400. Wata kuma sai an cika mililita ɗaya ake samun 400. In kika saba da ta biyun, aka canza miki da ta farkon, kika cika matsin kamar yadda kika saba, kin ba shi na sati da sati a lokaci ɗaya. Jariri ƙasa da wata shida iyakarsa 1,000 ce a rana, kin ga tazarar ba ta da yawa. Duk lokacin da aka canza kwalba ki sake karantawa, kuma ki yi amfani da matsin da ya zo da ita kawai.

Maman Khalil:
Na duba yanzu, ɗigo ɗaya ne 400, kuma ɗaya nake ba shi. Alhamdulillah. Amma zan faɗa wa mai taya ni raino, don ita ma tana ba shi in na fita.

Malam Sani:
Ni tambayata a kan gwajin ce. Na yi watan jiya, takarda ta nuna 48. Wani abokina ya ce 48 ya yi kyau sosai, har ya kusa yawa. Likita kuma ya ce ya ɗan yi ƙasa. Wa zan bi?

Dakta Hadiza:
Malam Sani, duba abin da aka rubuta a gaban 48 ɗin. Ma'auni biyu ne. Akwai ng/mL, akwai nmol/L, kuma na farkon 1 daidai yake da 2.5 na biyun. In naka nmol/L ne, 48 ɗinka wajen 19 ke nan a ɗaya ma'aunin, likitanka ya yi daidai. Abokinka da ɗaya ma'aunin yake magana.

A ng/mL, ƙasa da 12 ƙaranci ne na gaske. Daga 20 ya wadatar da yawancin mutane. In ya haura 50 babu wata ƙarin riba da aka tabbatar, an fara shiga inda ake taka-tsantsan. Guba kuma galibi sai an wuce 150, inda Mama ta kai. Tsakanin 20 da 30 masana sun daɗe suna jayayya, kuma a nan masu talla suke samun kasuwa, su ce wa mai lafiya ba shi da lafiya.

Sunan gwajin 25(OH)D. Shi ne nau'in da hanta take mayar da bitamin ɗin, shi yake nuna abin da ke ajiye. Akwai wani mai kama da shi, 1,25, wanda ƙoda take yi. Wannan ba ya nuna ajiya, yana iya fitowa daidai alhali mutum yana da ƙaranci, don haka kada a rikita su.

Malam Sani:
nmol/L ne wallahi. Na gode Dakta.

Nasiru:
To ke nan kowa ya riƙa gwaji duk wata kawai, a huta.

Dakta Hadiza:
Ba haka ba, Nasiru. Mai lafiya da yake shan 400 zuwa 1,000, ko ba ya shan komai, ba ya buƙatar ya riƙa zirga-zirgar gwaji. Ƙungiyar likitocin hormon ta Amurka ma, a shawararta ta 2024, ta ce kada a riƙa yi wa masu lafiya gwajin nan haka kawai. Gwaji na wanda yake da dalili ne: ciwon ƙashi, raunin tsoka, karaya ba tare da wani bugu mai ƙarfi ba, ciwon hanji da ke hana tsotsar abinci, ciwon ƙoda ko hanta, ko wanda yake shan mai ƙarfi.

Wanda aka ɗora a kan mai ƙarfi, a auna kafin ya fara. Sake aunawa sai bayan wajen wata uku, don adadin a hankali yake hawa kafin ya tsaya, gwajin sati biyu ba ya faɗar gaskiya. Kuma abin da nake so kowa ya riƙe: kada a auna bitamin D shi kaɗai. A haɗa da kalsiyam da gwajin aikin ƙoda. A Ingila ana ba da shawarar a duba kalsiyam wata ɗaya bayan an gama zagayen mai ƙarfi, don akwai masu matsalar wasu ƙananan halittu huɗu da ke wuya, masu sarrafa kalsiyam, wadda ƙarancin bitamin D yake rufewa. Ana cike ƙarancin sai kalsiyam ya yi tsalle.

Akwai kuma waɗanda ko ɗan kaɗan yana iya yi musu yawa. Mai tarin fuka, mai cutar sakoidosis da ke sa kumburi a huhu da wasu sassan jiki, mai wasu nau'o'in kansar jini, mai tsakuwar ƙoda. Haka mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari irin wanda ake rubuta hydrochlorothiazide a kwalinsa, don yana sa ƙoda ta riƙe kalsiyam. Mai shan digoxin na zuciya kuma, hawan kalsiyam gare shi haɗari ne babba.

Rukayya:
Dakta, wannan na hawan jinin yana cikin kwandon Mama. A asibiti suka cire shi suka canza mata wani. Yanzu na gane dalili.

Baba Ado:
Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Auwal ɗana, ba wanda ya ce ka zubar da kwalbarka. Ka je a ɗebi jinin nan, mu ma hankalinmu ya kwanta.

Yaya Auwal:
To Baba, na ji. Har yanzu ina ganin 600 ya yi kaɗan ga wanda yake wuni a ofis ba ya ganin rana, kuma ban janye wannan ba. Amma zan je gwajin cikin satin nan. Dakta, in dakata da sha kafin nan, ko in ci gaba don a ga ainihin inda nake?

Dakta Hadiza:
Ka dakata tun yau, Yaya. Kwana uku ko huɗu ba za su canza sakamakon ba, sai an yi sati biyu zuwa uku kafin rabin abin da ke jini ya ragu. Ka ce a yi maka 25(OH)D, kalsiyam, da aikin ƙoda. Ka tafi da duk kwalaben da kake sha, ka nuna wa likita, kada ka ce masa "ɗan bitamin ne kawai". In kuma kana yawan ƙishirwa ko tashi fitsari da dare, kada ka jira ƙarshen sati. Maganar ofis kuma ban ƙi ba, mai yiwuwa a ce ka riƙa shan 1,000 ko 2,000. Sai mun ga takarda.

Maman Khalil:
Rukayya, yaya jikin Mama yau? Me suka yi mata a asibitin?

Rukayya:
Da sauƙi Anti, mun gode. Ruwa suka yi ta ƙara mata kwana uku ba tsayawa, suka yi mata wata allura ta jijiya mai hana ƙashi sakin kalsiyam. Ranar da aka sallame mu ya sauko 10.4. Sun hana ta bitamin D da ƙwayar kalsiyam gaba ɗaya, sun ce ta riƙa shan ruwa sosai, za mu koma gwaji ranar Litinin, daga nan duk sati biyu, don sun ce yana iya sake hawa. Ƙodar ce ba su ba mu tabbaci ba tukuna, sun ce sai an ga watanni. Daren jiya sau ɗaya ta tashi, da safe na tarar da gorar ruwan da saura fiye da rabi. Na sayo alƙalami mai kauri na rubuta a jikin kowace kwalba, ta karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, kuma da sunana ta kira ni.